Dattijon Aboabo da ya sa na koma aji

Salamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da ƙarar nan, pragya ce ke wucewa, wato a-daidaita-sahun mutanen Kumasi. Ina Aboabo, kuma wallahi yau raina fari ƙal.

Wata uku ke nan, bayan sallar asuba, na leƙa zauren wani malami a bayan masallacinmu. Yara sun jeru da alluna, a tsakiyarsu ga wani dattijo, gemu fari fat, yana bin babbaƙu da yatsa. Yaron da bai wuce sa'an jikansa ba ne ke gyara masa. Sai na tsaya cak kamar an dasa ni. Da aka tashi na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ba ka jin nauyin yaran nan?" Ya ce, "Ɗana, nauyin ranar tambaya ya fi."

Maganar nan ta hana ni barci. Shekarata 14 ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Na yi allo a Fagge, Twi kuwa, yaren mutanen Kumasi, in ina ciniki sai ka rantse a Manhyia, unguwar fadar sarkin Asante, aka yanke min cibi. Amma boko, ko harafi ɗaya. Duk saƙon MoMo, wato na kuɗin da ake turowa ta waya, da ya shigo sai na miƙa wa wani wayata ya karanta min. A haka aka taɓa yi min awon gaba da sidi 1,800. Na haɗiye abina, ko uwargida ban gaya wa ba, don kunya.

Na yi istihara, sannan na kira Hajiyarmu a Kano. Ta ce, "Gemu ba ya hana ilimi, je ka, Allah ya yi maka albarka." Na sami wata malamar firamare da ke koyar da manya bayan isha'i, sidi 80 a wata, bai ma kai kuɗin waakyen da nake ci a mako ba. Af, kun san waakyen nan daga kalmarmu ta wake aka samo sunansa? Da ganyen dawa ake dafa shi ya yi ja, a zuba shito, wato miyar yajinsu, da garin rogo da taliya. Akwai daɗi, ba ƙarya, amma garau-garau da mai da yaji na gida daban ne, Allah ya kai mu.

Daren farko sau biyu ina wuce ƙofar ajin, ƙafata ta ƙi shiga. Sai da na tsaya jikin wani kiyos na karanta Hasbunallahu wa ni'imal wakil, sannan na yi sallama.

Ɗan uwa, in ka ɗaura niyyar gyara wani abu a rayuwarka, kada ka kai maganar majalisa tun tana ɗanya. Ni na kai, aka yi mako biyu ana kirana ɗan aji ɗaya, saura ƙiris in fasa. Kuma lambar sirrin wayarka, ko wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya kada ka ba shi.

To yau da hantsi saƙo ya shigo, wata mai saye daga Tafo ta turo kuɗin turmi biyu. Na riƙe wayar da kaina, na haɗa sunanta harafi bayan harafi, na ga adadin ya cika. Sai da na shige bayan kaya na share hawaye.

Ga littafina nan, ku duba, wannan sunana ne da hannuna. Bari in kashe, na hango malama ta buɗe aji.