Rachmaninoff ya rasu tun 1943, to wa ke kaɗa piyanon nan?

[Hoto: piyano, kujera babu kowa, madannai na sauka da kansu]

Ku kasa kunne tukuna. Kun ji yadda sautin ya fita tangaran, ba ƙura, ba shuu? Irin bidiyoyin nan suna ta yawo, a ƙasa an rubuta Sergei Rachmaninoff ne ke kaɗawa, a 1919. Sai musu ya kaure. Wasu sun ce ƙarya ce tsagwaronta, aikin kwamfuta ne. Wasu sun ce tsohon faifai ne aka wanke da na'ura. Duka ɓangarorin biyu sun kauce, kuma a wuri guda: sun ɗauka sauti aka naɗa. A wannan aikin ba a naɗi sauti ba ko kaɗan. Motsin yatsunsa aka rubuta a kan takarda.

[Hotunan Rachmaninoff]

Mutumin dai, a gurguje. Makaɗin piyano ne kuma mai tsara kiɗa, an haife shi a Rasha a 1873. Dogo ne, mai manyan hannuwa, ku dai kalli yatsun nan. Yana ɗan shekara 19 ya tsara wani gajeren kiɗa wanda daga baya duk inda ya je sai jama'a sun tsare shi ya kaɗa musu, har abin ya gundure shi. Juyin juya halin 1917 ya raba shi da gida da dukiya. Ya isa Niyok a ƙarshen 1918, shekarunsa 45, ga iyali. Dole ya mayar da kaɗa piyano a gaban jama'a babbar sana'arsa, kuma ya yi ta zagaye har makonni kaɗan kafin rasuwarsa a Kalifoniya, a watan Maris na 1943.

A Amurka ya bar kiɗansa ta hanyoyi biyu.

[Garmaho, allura a kan faifai]

Ta farko, faifan garmaho. Ya fara da kamfanin Edison a 1919, ya koma Victor a 1920, ya zauna tare da su har 1942. Wannan sauti ne na gaske. Kafin 1925 ma babu makirufo a harkar, wani ƙaton ƙaho ake kafawa kusa da piyano, girgizar iska ta motsa allura, allura ta zana layi a kan kaki. Fuska ɗaya ta faifai ba ta wuce minti huɗu da 'yan kai. Shuu ɗin da kuke ji, daga nan yake.

Ta biyu ita ce ta kawo mu.

[Ana warware naɗin takarda mai huda-huda]

Wannan naɗin takarda ne na kamfanin Ampico. Daga 1919 zuwa 1929 Rachmaninoff ya yi musu irinsa 35. Ku kara shi a kunne, ba abin da za ku ji. Ku ɗora masa allura, yagewa zai yi. Huda ce kawai, wasu gajeru, wasu dogaye.

Ga yadda ake yin sa. Makaɗi ya zauna a wani piyano na musamman wanda aka jona wa kowane madanni waya. Ya danna, alƙalami ya sauka a kan takarda mai tafiya, ya fara jan layi. Ya ɗaga yatsa, layi ya tsaya. Haka ma feda, abin da ake takawa da ƙafa. Ya gama, ma'aikata su bi layukan su huda.

A hankali nan, domin nan ne ake ruɗewa.

[Kusa-kusa: takarda na wucewa kan sandar tagulla]

Kun ga sandar tagullar nan mai jerin ƙananan ƙofofi? Kowace ƙofa tana da siririn tiyo a bayanta, kuma akwai famfo a cikin piyanon da ke zuƙe iska ba tsayawa. Muddin takarda ta rufe ƙofa, shiru. Da huda ta iso daidai ƙofar, iska ta kutsa, ta buɗe wani ɗan murfi, wani ƙaramin zugazugi ya tsuke, ya tura guduma ta bugi tsirkiya. Ku sake kallo, mun rage gudun hoton. Huda, iska, guduma, sauti.

Wato sautin da kuka ji a farko, na piyanon zamaninmu ne, a ɗaki na zamaninmu, da makirufon zamaninmu. Shi ya sa babu ƙura. Abin da ya zo daga 1919 shi ne umarni: wannan madanni, a wannan lokaci, na tsawon kaza.

To shi ne ke kaɗawa ko ba shi ba ne? Ni dai cewa zan yi rabinsa ne, kuma ya kamata mu san wane rabin.

Abin da takardar ta kama da kyau shi ne lokaci. Inda ya ɗan ja numfashi kafin ya shiga sabuwar jimla, inda hannun hagu ya riga na dama sauka da ƙiftawar ido, inda ya zabura, inda ya lafa. Wannan nasa ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ba ta kama kai tsaye ba shi ne nauyin hannu. Layin alƙalami ba ya faɗin ko da ƙarfi aka danna ko shafa aka yi. Kuma duk wanda ya taɓa zama gaban piyano ya san a nan ne gwani ya bambanta da ɗan koyo.

[Gefen takarda, ƙananan huda]

Ku dubi gefuna biyun nan. Waɗannan hudojin ba sa buga komai, ƙarfin zuƙar iska suke ƙarawa ko ragewa. Zuƙa mai ƙarfi, guduma ta sauka da ƙarfi. Wa ya huda su? A shekarun farko na Ampico, edita ne, shi ma makaɗi, wanda ya saurari maigidan yana kaɗawa, ya yi alamomi a takardar kiɗan, daga baya ya zauna ya mayar da abin da kunnensa ya ji zuwa huda. Sai a 1926 kamfanin ya samu na'urar da ke auna gudun guduma. Idan kuma yatsa ya zame ya taɓa maƙwabcin madanni, sai a liƙe hudar, a buɗe wata a inda ya dace. A ƙarshe a kunna wa makaɗin, ya ce a gyara nan, a gyara can, ya sa hannu.

Kada kowa ya raina editocin nan. Aikin haƙuri ne na makonni, kuma Rachmaninoff mutum ne mai tsanani a kan sunansa. Abin da ya raba shi da Edison ma, har da fitar da faifan da bai amince da shi ba.

Amma injin kansa yana da iyaka. An raba madannan gida biyu, ɓangaren kauri da ɓangaren siriri, kowane ɓangare da ƙarfin iskarsa guda a lokaci guda. Mutum kuwa yana iya sauke yatsu huɗu tare, ɗaya ya fito fili, uku su yi ƙasa-ƙasa, kuma da wannan aka san Rachmaninoff, yadda yake zaƙulo muryar da ke ɓoye a tsakiya. Injin ba ya iya haka kai tsaye. Dabarar editoci ita ce su ɗan matsar da hudar wannan muryar gaba kaɗan, ta sami nata ƙarfin ita kaɗai kafin sauran su sauka. Kunne yakan yarda. Sai dai a nan an ɗan taɓa lokacin da muka ce nasa ne.

[Maɓallin gudu, lamba a farkon takarda]

Sai maganar gudu, wadda ta fi damuna. Waɗanda suka yi zamanin kaset sun san idan batir ya yi sanyi, muryar mawaƙi takan ja, ta yi kauri, nan take ka gane da matsala. Takardar nan ba haka take ba. Ka sa ta gudu, ka sa ta rarrafe, kowace tsirkiya sautinta ba ya canzawa, domin guduma ce ke bugunta a yanzu. Akwai lamba a farkon naɗin da ke faɗin gudun da ya dace, amma idan mai kunnawa bai bi ta ba, ko injinsa ya tsufa, tiyo na yoyon iska, za ka ji kiɗa mai tsabta wanda babu mahaluƙin da ya taɓa kaɗa shi haka. Sai a ce ai mutanen da sauri suke yi, ko a ce hannunsu kamar katako. Laifin inji ya hau kan mamaci.

Akwai waɗanda suka yi aikin da kulawa. A 1998 wani injiniya, Wayne Stahnke, ya karanta naɗin Rachmaninoff da na'ura, ya mayar da bayanan cikin kwamfuta, ya sa piyanon Bösendorfer mai sarrafa kansa ya kaɗa su. Kwamfuta ta shiga, e, amma karatu ta yi, ba ƙirƙira ba.

[Faifai na juyawa]

Ni kuwa in za a bar mini zaɓi, faifan mai ƙura zan ɗauka. Ku nemi wanda ya yi a 1930 na sonata ta biyu ta Chopin, wato dogon kiɗan piyano mai sassa-sassa na wani mai tsara kiɗa ɗan Poland, ku je sashen da ake kira kiɗan jana'iza. Inda taken ya dawo bayan tsakiya, ya shigo da shi da dukkan ƙarfinsa, sa'annan ya riƙa janye shi kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Babu edita tsakanin hannunsa da kunnenku. Bayan minti ɗaya za ku manta da shuu ɗin. Haka nan duk inda kuka ji shi tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, kamar wanda ya yi da ta Filadelfiya ƙarƙashin Leopold Stokowski a 1929, faifai ne. Takardar Ampico piyano kaɗai take iya motsawa.

[Tsofaffin tallace-tallace, da sauri]

Ba Ampico ne ya fara ba. Kamfanin Welte na Freiburg a Jamus ya riga shi, ga kuma Duo-Art na kamfanin Aeolian. Kayan masu kuɗi ne. Rediyo ya zo, makirufo ya gyara faifai, tattalin arziki ya karye a 1929, kasuwar ta mutu. Masana'antar Welte ta ƙone a ruwan bama-baman 1944, har yau masana na jayayya kan yadda su suke auna nauyin hannu.

Da Rachmaninoff mun yi sa'a, muna da takarda, muna da faifai, ana iya gwada wannan da wancan. Shi kuwa Gustav Mahler, wani babban mai tsara kiɗa, ya zauna wa Welte a Leipzig a watan Nuwamba na 1905, ya yi naɗi huɗu, ya rasu a 1911. Bai bar faifai ko ɗaya ba da za a gwada su da shi.