Amsoshin Tambayoyinku: Zuciyar roba a hannun likita

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Tambayar farko a wannan makon ta fito ne daga wani mai saurarenmu a Damagaram, Jamhuriyar Nijar. Ya ce ya ga bidiyo a WhatsApp, wani likita riƙe da zuciyar roba da aka ce na'ura ce ta buga ta. Shi ne yake tambaya: wai yanzu har an kai ga buga wa mutum sabuwar zuciya a dasa masa?

To Malam, ba a kai nan ba tukuna. Abin da ka gani samfuri ne, kuma ba ya shiga jikin kowa. Likita ne ke gwaji a kansa kafin ya taɓa mara lafiya, musamman idan aikin na bawul ɗin zuciya ne.

Zuciyar ɗan Adam tana da bawul huɗu, aikinsu su bar jini ya wuce gaba su hana shi komowa. Bawul kan lalace ta hanya biyu: ko ya ƙanƙance ya taurare jini ya riƙa wucewa da ƙyar, ko ya saki ya riƙa yoyo. A da, in za a canza shi sai an buɗe ƙirji, likita ya gani da idonsa, ya auna da hannunsa. A watan Afrilun 2002 wani likita Bafaranshe, Alain Cribier, ya sa wa wani mara lafiya sabon bawul a birnin Rouen ba tare da buɗe ƙirji ba. Yau yawanci ta jijiyar matsematsi ake zura siririn bututu, a tura bawul ɗin a naɗe har bakin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, sannan a buɗe shi a cikin tsohon. Tsofaffin da ba za su jure babbar tiyata ba sun samu sauƙi ƙwarai. Sai dai fa likitan ba ya ganin wurin, hoto kawai yake bi, kuma a nan ne samfurin ya samu shiga.

Ga yadda ake yin sa. Ana ɗaukar hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'urar asibiti ke ɗauka, na zuciyar mutumin, yanka-yanka, kowanne kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Ma'aikaci ya zauna gaban kwamfuta ya ware: nan bangon jijiya ne, nan jini ne, nan kuma kalsiyam ne da ya daskare a kan bawul. Wannan zaman shi ne ainihin aikin, domin in aka yi kuskure a nan, na'ura kuskuren za ta buga. Daga nan sai na'urar 3D ta shiga ɗora roba hawa-hawa, kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora yumɓu, har siffar ta kammala cikin wasu sa'o'i. Na'urori masu tsada kan haɗa roba mai laushi a wurin tsoka da mai tauri a wurin kalsiyam, a abu guda.

Da samfurin a hannu, likita zai iya cusa bawul ya buɗe shi ya ga yadda ya zauna. Wasu masu bincike kan haska fitila ta gefe ɗaya su leƙa ta ɗayan. Duk inda haske ya ɓullo ta gefen bawul, nan ake tsoron jini zai yi yoyo. Ana kuma duba ko tsohon bawul ɗin da za a ture gefe zai toshe bakin jijiyoyin da ke ciyar da ita zuciyar kanta. Sai matsala ta uku: dab da wurin ne hanyar lantarkin zuciya ta wuce, in sabon bawul ya danne ta da yawa, mutum zai iya ƙarewa da na'urar daidaita bugun zuciya. A 2020 masu bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka sun buga samfuri mai ɗauke da 'yan na'urorin auna matsi a jikinsa, don su ga inda bawul ke dannawa da kuma ƙarfin dannawar.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Kaduna. Ta ce ƙaninta ɗan shekara 19 an ce sai an canza masa bawul, ko ya kamata su nace sai an buga masa irin wannan samfurin kafin aiki?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A ganinmu kada ki sa wannan a gaba. Ko a Turai da Amurka, akasarin ayyukan bawul ana tsara su ne da hoton CT da na eko, wato sikanin na zuciya, a kan allon kwamfuta, kuma suna tafiya daidai. Samfuri na aikin da ya zo da sarƙaƙiya ne: wanda aka haifa da zuciya mai baƙuwar halitta, ko wanda aka taɓa yi wa tiyata za a sake, ko wanda bawul ɗin babbar jijiyarsa ke da ganye biyu maimakon uku, wato 'yan fatun da ke buɗewa suna rufewa. Kuma yana da iyakarsa. Roba ba ta miƙewa kamar tsoka mai rai, hoto ne na daƙiƙa ɗaya alhali zuciya ba ta tsayawa, sannan ganyen bawul siriri ne, bai cika fitowa sosai a hoto ba. Ga kuma kuɗi.

Likitansa ne ya san takamaiman ciwon, amma matashi mai waɗannan shekarun a ƙasashenmu, sau da yawa ciwon makogwaro ne na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba, garkuwar jiki ta juya ta cinye bawul. Fiye da mutum miliyan 40 ke fama da wannan a duniya, galibi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Irin wannan aikin yawanci buɗe ƙirji ake yi, likita na gani da idonsa. Cibiyar Salam da ke Khartoum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, ta yi wa dubban 'yan Afirka shi kyauta, ko da yake yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa zuwa can ya yi wuya.

Tambayoyin da suka fi dacewa ki kai wa likita su ne: za a iya gyara bawul ɗin ko dole sai an canza? In na ƙarfe ne, zai sha maganin tsinka jini, wato warfarin, har ƙarshen rayuwarsa, to a ina zai riƙa gwajin jini kusa da gida? In na naman dabba ne, a jikin matashi yakan yi saurin lalacewa, shekara nawa ake sa ran zai kai? Sannan ki tambaya game da allurar penisilin da ake yi duk bayan mako uku ko huɗu don kada ciwon ya dawo. Ƙananan yaran gidan kuma, duk wanda makogwaro ya kama da zazzaɓi, a kai shi asibiti a duba.