Me Ya Sa Likita Ke Fita Ya Bar Mutum Da Kyamara?

Ku ɗauka kuna kallon fuskar wani yaro da kyau. Kifta ido, fizgar wuya, sai gyaran murya. Ba da gangan yake yi ba. Likitoci na kiran wannan motsi tik. Idan motsi iri-iri ya haɗu da fitar sauti, ya fara kafin shekara 18, kuma ya wuce shekara guda, shi ne ciwon Turet, wanda likitan Faransa Gilles de la Tourette ya bayyana a 1885.

Tun daga 2020, da bidiyon masu tik suka cika TikTok, magana ɗaya ake ta maimaitawa: "Ai na gan shi a wani bidiyon, ko motsi bai yi ba, ƙarya yake." To, a nan mutane ke kuskure.

Bari mu bi ta kan tsohuwar hanyar auna tik da sauri. Ma'aunin jami'ar Yale na 1989 tambaya ce: likita ya tambayi mutum da iyayensa yadda makon da ya wuce ya kasance, yawan motsin, ƙarfinsa, da yadda ya takura masa. Yana da amfani, amma ya dogara da tunawa. Wace uwa ce za ta iya faɗin sau nawa ɗanta ya kifta ido ranar Talata?

Shi ya sa aka shigo da kyamara. A tsarin asibitin Rush da ke Shikago, Amurka, ana ɗaukar bidiyo na minti 10. Wani ɓangaren dukan jiki, wani kuma kai da kafaɗu kawai. Yanzu ku lura da ƙofar ɗakin. Rabin lokacin likita na zaune a ɗakin, rabin kuma ya tashi ya fita. Kuma ɓangaren da ya fita, shi ake bai wa maki.

Me ya sa? Saboda ana iya danne tik na ɗan lokaci. Kafin ya zo, yawancin masu shi kan ji wani matsi a wurin, kamar yadda kake jin atishawa na tahowa. Za ka iya riƙewa, amma da wahala, kuma matsin na ƙaruwa. Idon baƙo kaɗai ya isa ya sa mutum ya riƙe, wani lokacin ma bai san yana riƙewa ba. Ga yadda abin ke kasancewa: likita na ciki, yaro ya nutsu. An rufe ƙofa, ga kafaɗa ta fara. A 2001 masu binciken Rush sun gwada ɗauka a gida, mutum shi kaɗai, suka ga tik ya fi fitowa a can fiye da a asibiti. Gajiya, damuwa da zumuɗi na tayar da shi, yin magana a kansa ma haka. Mai da hankali kan aikin da ake so na kwantar da shi. Ga shi kuma yana tashi yana sauka daga mako zuwa mako. Ni kam abin na ci mini rai idan na ga an ƙaryata yaro saboda bidiyon daƙiƙa talatin.

Sauran aikin kuwa na ƙirga tik a cikin bidiyon ne, kuma yana cin lokaci sosai. Yanzu manhaja na ɗora ɗaruruwan ɗigo a kan fuska tana bin motsinsu. Masu bincike a Lübeck, Jamus, sun horar da kwamfuta ta gano tik a bidiyo ta wannan hanya. Akwai kuma ƙananan na'urorin auna motsi da ake ɗaurawa a jiki.

Sai dai kifta ido guda ɗaya na mai tik da na wanda ba shi da shi, ko ƙwararre na iya kasa bambancewa. Maimaici da yanayin zuwansa ne ke nunawa. Kyamara ba ta ganin matsin da ke ciki, ba ta jin ciwon wuya, don haka har yanzu likita na haɗa bidiyon da tambayar mutumin kansa kafin ya yanke hukunci.