Ɗaki Ɗaya, Gado Biyu: Abin da Shafukan Rangwamen Otal Ba Sa Yi Maka Alkawari

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Yau maganar otal ce, kuma da mutum biyu nake. Waɗanda tafiya ta kama su zuwa Amurka, ko taro, ko kasuwanci, ko bikin yaye ɗalibai, suka ce mu haɗa kuɗi mu kama ɗaki guda. Wa da ƙani ne, ko abokan aiki, ko uba da ɗansa da ya riga ya zama saurayi. Ɗaki ɗaya ya ishe su, amma gado ɗaya sam bai yi ba. Sai wani ya ba su labarin shafukan intanet da ake samun babban otal da araha, irin su Priceline da Hotwire. Gaskiya ne, ana samu. Sai dai abin da suke sayar maka ɗakin da zai kwanar da mutum biyu ne. Ba su ce gado biyu ba. Kuma tsakanin waɗannan maganganu biyu mutane da yawa suka kwana a ƙasa kan kafet.

Bari mu fara da yadda cinikin yake.

Wani Ba'amurke mai suna Jay Walker ya kafa Priceline a 1997, shafin ya fara aiki a 1998 da tikitin jirgi, daga baya aka shigo da ɗakunan otal. Tsarin da ya yi suna da shi a da shi ne Name Your Own Price, wato kai ne za ka taya. Ka zaɓi gari, ka zaɓi unguwa, ka faɗi otal mai tauraro nawa kake so, wato matakin darajarsa, ka sa ranakunka, ka rubuta abin da za ka iya biya, sannan ka miƙa lambar katinka tun kafin ka ji amsa. Idan babu otal ɗin da ya yarda, an ce maka albarka ke nan, sai ka jira awa 24 kafin ka sake tayi, ko ka canza wani abu, kamar unguwa ko rana. Idan kuwa wani ya sallama, nan take a cire kuɗin, sai a lokacin ne za ka ji sunan otal ɗin. Ba fasawa, ba canza rana, ba mayar da kuɗi. Cinikin biri a sama sosai.

Hotwire ya zo a shekarar 2000, da hannun wasu manyan kamfanonin jiragen Amurka a ciki, yanzu kuma yana ƙarƙashin Expedia. Shi ba a tayi. Zai nuna maka farashi da unguwa da taurari da kayan more rayuwar da ke otal ɗin, ya ɓoye suna har sai ka biya. Hot Rate suke kiran wannan. Shi ma Priceline ya daina karɓar tayi a tikitin jirgi a 2016, na otal ma ya bi baya, yanzu abin da za ka tarar shi ne Express Deals, wanda kusan irin na Hotwire ne. To tayin ya ja baya, amma ƙa'idar tana nan daram: ka biya tukuna, ka san suna daga baya, kuma kuɗi in sun fita sun fita.

Me ya sa otal zai yarda ya karya farashinsa haka? Domin ɗaki ba hajar da ake ajiyewa ba ce. Ɗakin da ya kwana babu kowa daren jiya, kuɗin wannan daren sun tafi har abada. Gara a karɓi rabi da a tashi a tutar babu. Amma otal ba ya so a ga sunansa a fili kusa da farashi mai araha, don wanda ya biya cikakken kuɗi zai ji an cuce shi, gobe kuma kowa zai jira rangwame. Shi ya sa ake ɓoye sunan. Sannan otal ya gindaya wa dillalin, wato shafin rangwamen, sharaɗi guda: mun ba ka ɗaki, amma mu za mu zaɓi wanne. Duk wanda ya rage bayan masu cikakken biya da 'yan katin zama mamba sun ɗauki nasu, shi ne na baƙonka.

Nan ne maganarmu take. Ga otal, gado ɗaya mai faɗi ya cika alkawarin mutum biyu. Babban gadonsu da suke kira kin faɗinsa santimita 193 ne, mai bi masa, kwin, santimita 152, dabul kuma 137. Ko dabul ɗin aka ba ku, a takarda ba a saɓa muku ba. Wanda ya saba zuwa Umara wannan yana iya ruɗa shi, domin a otal-otal ɗin Makka da Madina da yawan gadaje ake cinikin ɗaki: na mutum uku gado uku, na mutum huɗu gado huɗu. A Amurka ba haka lissafin yake ba. Ɗakin mutum huɗu a can yawanci gado biyu ne, bibbiyu a kowane gado.

To me mutum zai yi kafin ya biya? Domin a nan ne kawai kake da ƙarfi.

Ka fara da karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin farashin, a hankali. Wasu ɗakunan na ɓoyayyen suna ana ba ka zaɓin gado, sai ka ga wanda otal zai zaɓa a farashi kaza, mai gado biyu kuma da ɗan ƙari a kai. In ka ga wannan, kada ka tsaya dogon tunani, biya ƙarin. Shi kaɗai ne abin da ya zama haƙƙinka a rubuce. Duk sauran dabarun da zan faɗa roƙo ne da sa'a. In kuwa ka ga an rubuta cewa otal ne zai ba da ɗaki ranar isowa, to ka san inda ka dosa.

Akwai kuma wajen sa yawan mutane. A Hotwire in ka sa mutum uku ko huɗu, ɗakunan da za su ɗauki wannan adadin za a nuna maka, kuma mafi yawansu masu gado biyu ne. Wasu su biyu ne amma sai su sa uku saboda haka. Yana aiki sau da yawa, amma ka san abu biyu: farashin na iya hawa, kuma "ɗakin mutum uku" yana iya zama gado ɗaya da doguwar kujerar da ake warewa ta zama gado. In ɗayanku ba ya ƙin kujerar, shi ke nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne akasin haka, ku huɗu ne ka sa biyu don farashi ya sauka, da fatan za a daidaita a can. Ba a cika daidaitawa ba. Kowane ɗaki yana da adadin mutanen da dokar kashe gobara ta yarda ya ɗauka, kuma ma'aikacin otal ba zai sa aikinsa a haɗari dominka ba.

Garin ma yana da nasa hali. Tsakiyar New York, wato Manhattan, ƙasa tana da tsada, gine-gine da yawa tsofaffi ne, ɗakuna ƙanana. Akwai ɗakin da gado ɗaya da akwatinku biyu sun cika shi. A irin wannan wuri fatan gado biyu a farashin rangwame wahala ce. Orlando kuwa, inda iyalai ke kai yara Disney World, ko Las Vegas da manyan otal-otal ɗinta masu dubban ɗakuna, ko otal-otal na bakin babbar hanya da na kusa da filin jirgi, ɗaki mai gado biyu ba abin nema ba ne, da yawa an gina su ne don haka. Ƙananan otal na gayu a tsakiyar gari, waɗanda ma'aurata da 'yan kasuwa masu tafiya su kaɗai ke sauka, su ne mafi haɗari gare ka.

Ga masu zuwa Turai kuma, a Landan ko Paris, ku kula da kalma ɗaya. Ɗakin dabul a can gado ɗaya ne na mutum biyu. Mai ƙananan gadaje biyu tuwin ake ce masa. In ka kira ka ce kana son dabul alhali gado biyu kake nufi, za a amsa maka da fara'a, a ba ka daidai abin da kake gudu.

Lokaci ma a duba. Watan Mayu, sa'ad da jami'o'in Amurka ke bikin yaye ɗalibai, ko lokacin hutun makaranta, ko makon da ake babban taro a garin, ɗakunan gado biyu su ne ke fara ƙarewa, don iyalai da ƙungiyoyi su suke kamawa, kuma cikakken kuɗi suke biya.

To a ce ka biya, suna ya fito. Yanzu aikin waya ne.

Kada ka kira dillalin, ba shi da makulli. Kada kuma ka kira babbar lambar kamfanin otal ɗin ta ƙasa baki ɗaya, wanda zai ɗauka wataƙila bai taɓa ganin ginin ba. Nemo lambar wannan otal ɗin kansa, teburin karɓar baƙi. Ka ɗan ba su lokaci, don wani sa'in sunanka ba ya shiga kwamfutarsu nan take. Ka kuma lissafa bambancin agogo: New York tana bayan Najeriya da Nijar da awa 6 lokacin sanyinsu, awa 5 lokacin zafinsu. Ka auna hantsinsu ko tsakar ranarsu. Ƙarfe uku zuwa huɗu na yamma lokacin karɓar baƙi ne, layi ne a gabansu, ba wanda zai tsaya ya saurare ka da kyau.

Magana gajera: ga sunana, ga lambar shaidata, ga ranar zuwana, mu biyu ne kuma ba ma'aurata ba ne, don Allah a sa mana gado biyu. Faɗin dalilin yana taimakawa, domin mai raba ɗakuna mutum ne, yana bambanta mai so da mai buƙata. Sai ka saurari amsar da kunnen basira. "Mun rubuta buƙatarka" daban, "mun ware maka ɗakin" daban. Na farko rubutu ne kawai a gefen sunanka. Ka tambaya kai tsaye: an tabbatar, ko sai abin da ya samu? Ka rubuta sunan wanda kuka yi magana da shi. Idan ya ce za a tabbatar amma da ɗan ƙarin kuɗi kowane dare, ni dai shawarata ka karɓa, matuƙar ƙarin bai cinye rangwamen ba.

Ana gobe tafiya, ko da safiyar ranar, ka sake kira. Wannan kiran na biyu ya fi na farko amfani, domin otal-otal da yawa a lokacin ne suke zama su raba wa baƙin ranar ɗakuna. Sannan ka iso da wuri in da hali. Wanda ya zo ƙarfe uku ya tarar da zaɓi, wanda ya zo sha biyun dare ya tarar da saura. In jirginka na dare ne, ka gaya musu tun a waya cewa za ka makara, a riƙe maka.

Idan duk da haka ka iso aka ce babu fa? Faɗa ba naka ba ne a nan, takarda tana bayansu. Tausasa murya ka tambayi abin da zai yiwu. Akwai gado mai naɗewa da ake turowa ɗaki, galibi da kuɗinsa a kowane dare, kuma ba kowane ɗaki yake shiga ba. Akwai ɗaki mai kujerar kwana. Akwai ƙara kuɗi a hau zuwa ɗaki mafi girma. Idan kuma kwanakinku da yawa, ka roƙa a sauya muku gobe in wasu sun tashi, wannan sukan yarda da shi cikin sauƙi.

Yanzu mu yi lissafi, da misali kawai. A ce ɗaki mai gado biyu a shafin otal ɗin kansa dala 150 ne, kana iya fasawa in tafiya ta rushe. A shafin rangwame ka gani dala 110. Ka ce na tsira da 40. Amma dillali yana ɗora nasa kuɗin aiki a shafin ƙarshe, don haka jimillar ƙarshe za ka gwada da jimillar ƙarshe, ba farashin da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba. Ƙara gado mai naɗewa, a ce dala 25. Me ya rage? Abin da bai taka kara ya karya ba, kuma a kansa ka sayar da damar fasawa. Ga mai jiran biza ko wanda jirginsa ke iya canzawa, wannan damar ba ƙaramar aba ba ce. Mafi muni shi ne ku tsaya a gaban tebur da dare ku kama ɗaki na biyu a farashin ranar.

Saboda haka ni a ganina abin ya danganta da wa kake tafe. Kai kaɗai, ko kai da maiɗakinka, shiga ka more arahar, ba abin da za ka rasa. Kai da aboki wanda in ta ɓaci ɗayanku zai iya shimfiɗa bargo a ƙasa ku yi dariya, gwada sa'arka, ka yi kiran nan biyu. Amma kai da surukinka, ko mai gidanka a wajen aiki, ko dattijon da kake jin nauyinsa, inda gado ɗaya abin kunya ne da ba ya gyaruwa, to kada ka saya sai ka ga gado biyu a rubuce kafin ka danna biya.

In ba ka gani ba, kuma har yanzu arahar kake so, akwai wata hanya: sauko da tauraro ɗaya ka kama ɗaki biyu. Wani lokaci ɗaki biyu a otal mai tauraro uku ta wannan hanyar ba ya wuce ɗaki ɗaya a mai huɗu da wani abu mai yawa. Sai dai ka kama su a ciniki guda, ka sa ɗakuna biyu tun a farkon nema, ka rubuta sunan wanda zai kwana a kowanne yadda yake a fasfonsa. In ka saye su ɗaya bayan ɗaya, tun da ba ka ganin suna, kana iya samun kanka a wannan otal, abokin tafiyarka kuma a wani can ƙarshen unguwar.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.