Dhaka: Jirgi a Sama, Masu Ɗinki a Ƙasa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Yau ina Mirpur, arewacin Dhaka, babban birnin Bangladesh. Ƙarfe bakwai ta ɗan gota, ku can gida ƙarfe biyun dare ke nan. Ku yi haƙuri da ƙarar hon, a garin nan ba a tuƙi sai da shi.

Bari in juya kyamara. Kun ga matan nan da ke tafe a gefen titi, jere kamar an tashi makaranta, kowacce riƙe da 'yar kular abincinta? Masana'antun ɗinki za su, kuma kafin takwas dole kowacce ta zauna gaban kekenta. Duk wanda ya taɓa ɗaga rigar gwanjo a Ƙofar Wambai ya duba bayan wuya ya ga sunan Bangladesh, to ga hannayen da suka ɗinka ta. Kusan mutum miliyan huɗu ke wannan aiki, yawancinsu mata, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sayarwa waje tufafi ne. Ni da na tashi ina jin labarin masaƙun Kakuri da suka mutu, wallahi ranar da na fara ganin wannan jerin gwano sai da na ji kishi. Ba su da mai kamar mu, audugar ma yawanci sayowa suke, amma da allura da zare sun ɗaga ƙasa mai mutum kusan miliyan 170.

Yanzu ku ɗaga ido sama. Wancan da ke wucewa a kan ginshiƙai shi ne jirgin ƙasan birni, an buɗe shi a Disambar 2022 da bashin Japan. Shi za mu hau. Ciki tas, ga sanyin na'ura, ga tarago guda na mata zalla. Tafiyar da kan ci awa biyu a cunkoso, yanzu daga Uttara zuwa Motijheel ba ta kai minti arba'in ba. Kuɗin shiga daga taka 20 ne zuwa 100, taka kuwa shi ne sunan kuɗin ƙasar.

Lissafin nan ne ke damuna. Mafi ƙarancin albashin mai ɗinki taka 12,500 ne a wata, shi ma sai da aka yi zanga-zanga a ƙarshen 2023, aka rasa rayuka, kafin a ɗaga shi daga 8,000. Ma'aikatan 23,000 suka nema. Idan mai ɗinki ta ce za ta riƙa hawa jirgin nan daga farko zuwa ƙarshe, zuwa da dawowa, kwana 26, taka 5,200 sun tafi. Shi ya sa kuka gan su a ƙasa, jirgin na wuce su ta sama.

Akwai wata baiwar Allah a gidan da nake haya, muna kiranta Apa, wato yaya. 'Yar Bhola ce, can kudu inda kogin Meghna ke shiga teku. Kogin ne ya cinye gonar mahaifinta, shekara guda ya yanki gefe, wata shekara ya ɗauke sauran har da gidan. Ta zo Dhaka ba da son ranta ba. Wata rana ta miƙo min shayi sai na lura da ɗan yatsanta na hagu, farcen ya rabe gida biyu ya warke a haka. Allurar keke ce ta huda shi. Ta ce an ɗaure mata, ta koma ta ƙarasa adadin ranar. Ɗaki ɗaya suke ita da mijinta da yara biyu, murhu da banɗaki kuwa na haɗaka ne da iyalai huɗu. Duk wata sai ta aika wa tsohuwarta kuɗi ta waya, ko da farashin shinkafa da albasa ya hana ta barci.

Kowa a nan yana tuna Rana Plaza. Ranar 24 ga Afrilu, 2013, bene mai hawa takwas ya rufta a Savar, mutum 1,134 suka mutu. Tun jajibirin an ga bango ya tsage. Banki da shagunan ƙasa suka rufe, masu ɗinki aka ce su koma aiki. Bayan haka an gyara masana'antu da yawa, an sa ƙofofin gudun gobara, ba zan ƙi faɗin wannan ba. Amma sai da aka kwashi gawa sama da dubu kafin manyan kamfanonin Turai su sa hannu a yarjejeniyar tsaro.

To, mun sauka a tashar Jami'ar Dhaka. Ku dubi bangon nan, zane ne tun daga nan har can. Wannan saurayin da ya buɗe hannuwa Abu Sayed ne, ɗalibin da 'yan sanda suka harbe a Rangpur ranar 16 ga Yuli, 2024. Rigimar ta faro ne daga kason aikin gwamnati, kashi 30 da aka ware wa zuriyar waɗanda suka yi yaƙin 'yanci na 1971, alhali masu digiri na yawo da takardu babu aiki. Ina garin nan lokacin. An kashe intanet kwanaki, an sa dokar hana fita, Hajiyata a gida ta rasa yadda za ta ji ko ina raye. Tashar Mirpur ɗin da muka hau, ita ma an farfasa ta a makon. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta waɗanda aka kashe za su kai 1,400. Ranar 5 ga Agusta Firaminista Sheikh Hasina ta tsere Indiya bayan shekara 15 a jere kan mulki, kwana uku bayan nan aka rantsar da Muhammad Yunus ya riƙe ƙwarya.

Ita ce fa ta gina gadar Padma, sama da kilomita shida, da kuɗin ƙasar bayan Bankin Duniya ya janye. Ita ta kawo jirgin da muka sauka daga cikinsa. Amma zaɓen 2014 da na 2024 babbar jam'iyyar adawa ba ta shiga ba, masu suka kuma ana ɗauke su a rasa inda suke. Na tambayi Apa ko sauyin ya taɓa albashinta, ta girgiza kai kawai ta ci gaba da tsince shinkafa.

Hadari ya haɗo, kuma idan ruwa ya sauka titin nan kan koma kogi. Bari in tsayar da mai keken ɗaukar fasinja. Mama! Haka ake kiransu a nan, ma'anarsa kawu. Sadarghat za mu, in nuna muku kogin Buriganga da ruwansa ya koma baƙi, da jiragen ruwan da ke sauke mutanen Bhola kowace asuba.