"Ai Mutumin Kirki Ne": Yadda Mai Tausayi Ke Iya Yin Fyaɗe

(Hoto: majalisa a gindin darbejiya)

Daga Ringim har Bichi, da zarar an kama wani da fyaɗe, sai ka ji magana ɗaya tana yawo a majalisa da WhatsApp: "Haba, wannan bawan Allah? Shi fa ke kai masu naƙuda asibiti a babur ɗinsa da tsakar dare." Wato tunda yana da tausayi, yarinyar ce maƙaryaciya.

To, a nan lissafin ya karkace.

A 1999, masu bincike Yolanda Fernandez da William Marshall da abokan aikinsu a Kanada sun gwada masu lalata da yara da labarai uku: yaron da hatsarin mota ya nakasa, yaron da wani daban ya lalata, sai wanda su da kansu suka cuta. A kan yaron hatsari, tausayinsu bai bambanta da na sauran mutane ba. Da aka zo kan nasu, sai ya zube.

(Hoto: farantin talla a ƙofar zaure)

Ku tsaya a nan, don wannan ne wurin. Tausayin yana nan, wanda suka cuta ne aka fi hana wa. Kafin ka tausaya wa wani, sai ka fara gane halin da yake ciki, sannan ka sa kanka a matsayinsa. Wannan matakin farko shi mai laifi ke murɗewa da ƙaryar da yake yi wa kansa. "Ai ba ta yi ihu ba." "Ai na saye gyaɗar duka, ta karɓi kuɗin." "Yarinya ce, za ta manta." Tsoro yakan sandarar da mutum har ya kasa motsi balle ihu, shi kuwa sai ya ɗauki shirun a matsayin yarda. Gobe ya je jana'iza ya yi kuka, kuma kukan na gaske ne.

Abin da ya fi ba ni haushi, mu ma muna taya shi. Duk wanda ya ce "me ya kai ta ɗakinsa?" ya ara masa hujja kyauta.

(Hoto: tabarma a ƙofar gidan mai unguwa)

Sai batun hawaye a zaman sulhu. A 2005, Karl Hanson da Kelly Morton-Bourgon sun tattara bincike 82 a kan masu laifin lalata, suka ga nuna tausayi ga wanda aka cuta ba ya faɗa maka ko mutum zai sake. Abin da ya fi nunawa shi ne karkatacciyar sha'awa da ɗabi'ar taka doka. Saboda haka "ya yi nadama, a rufa asiri" ba kariya ba ce ga 'yar maƙwabta.

Kuma yayin da manya ke ta kai-komo a kan sulhu, lokaci na tafiya. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 bayan fyaɗen ake fara shi. A Kano akwai cibiyar Waraka, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a asibitin Murtala. In ta yi nisa, a kai yarinyar asibiti mafi kusa a ranar.