Shekara nawa ya kamata a ba matashin kwatabak kafin a yanke masa hukunci?

Masu kallo, barkanmu da warhaka. A watan Afrilun 2021 ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, suka yi zaɓen sababbin 'yan wasa kamar yadda suka saba duk shekara. Cikin mutum 15 na farko da aka ɗauka, biyar kwatabak ne, wato ɗan wasan da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, shi ke jefa ta, kuma harin ƙungiya gaba ɗaya a wuyansa yake. Jacksonville ta ɗauki Trevor Lawrence a na ɗaya, New York Jets ta ɗauki Zach Wilson a na biyu, San Francisco ta ɗauki Trey Lance a na uku, Chicago ta ɗauki Justin Fields a na 11, New England kuma ta ɗauki Mac Jones a na 15. Magoya baya a garuruwan nan biyar suka yi ta murna, kowa na ganin an samu wanda zai ja ragama shekara goma ko fiye. Kafin a buɗe kakar 2024, huɗu daga cikinsu an riga an tura su wasu ƙungiyoyin. Lawrence kaɗai ya rage a inda aka ɗauke shi.

To, me ya kamata mai goyon baya ya sa rai a kai, kuma da wane ma'auni zai auna yaron? Ba za a fahimci wannan ba sai an ga aikin da kansa.

Da zarar yunƙuri ya ƙare, agogon sakan 40 zai fara ƙirgawa. Koci zai faɗa wa kwatabak tsarin da za a bi ta wata 'yar rediyo da ke cikin hular kwanonsa, amma idan saura sakan 15 ana katse rediyon, daga nan sai shi da idonsa. Zai maimaita wa abokansa goma tsarin, wanda sau da yawa doguwar jimla ce mai ɗauke da yadda za a jeru, wanda zai yi motsi kafin a fara, irin kariyar da za a yi masa, da hanyar da kowane mai cafe ƙwallo zai bi. Kalma ɗaya ta kuɓuce masa, wani ya tsaya inda bai kamata ba. Sai ya zo bakin layi ya ɗaga kai. Abu na farko da zai duba shi ne masu gadin can baya: ɗaya ne a tsakiya, ko biyu ne suka raba fili? Wannan ne ke nuna masa inda za a samu kafa. Sannan ya nuna wa ƙattin nan biyar da ke gabansa ɗan tsaron da za su fara lissafi daga kansa, domin idan masu tsaro suka turo mutum shida, kariya kuma biyar ce, na shidan alhakinsa ne, dole ya rabu da ƙwallo kafin ya iso.

Ana miƙo masa ƙwallo, abin da yake da shi sakan biyu da rabi ne zuwa uku. Zai ja da baya taku uku, ko biyar, ko bakwai, kuma an ɗaure takun nan da gudun masu cafewa. Lokacin da ƙafarsa ta baya ta dira a takun ƙarshe, a nan ya kamata mutum na farko ya kai wurin juyawarsa. In a rufe yake, sai ya gyara tsayuwa ya duba na biyu, ya sake gyarawa ya duba na uku, in duk babu sai ya sauke wa na kusa. Ku lura da ƙafafunsa idan kuna kallon wasa. Duk inda ido ya juya, ƙafa na bi. Idan ƙafa ta makara, kafaɗa za ta buɗe, ƙwallo ta tashi sama da kan mai cafewa, ga mai gadin baya na jira.

A gasar jami'a, inda matasan nan ke fitowa, abin ya fi sauƙi, kuma akwai dalilin da ke rubuce a kan filin. Layukan nan biyu da ake ajiye ƙwallo a tsakaninsu, a jami'a tazararsu ƙafa 40 ce, a NFL ƙafa 18 da rabi. Saboda haka a jami'a sau da yawa gefe ɗaya na fili yakan yi faɗi sosai, masu tsaro ba sa iya ɓoye niyyarsu, dole su jeru tun da wuri. A NFL ƙwallo kullum kusa da tsakiya take, sai su nuna maka masu gadi biyu a baya, ana farawa ɗaya ya gangaro, hoton da ka gani sakan ɗaya da ya wuce ya zama ƙarya. Ga kuma batun tazara. Ɗan jami'a ya saba ganin abokinsa ya bar mai tsaro da yadi uku ko huɗu kafin ya jefa. A NFL taku ɗaya shi ne kafar, kuma sai an saki ƙwallo tun mai cafewa bai juyo ba. Wanda ya jira sai ya ga mutum a fili ya riga ya makara. Wannan jifan na hasashe shi ya fi ɗaukar lokaci kafin a ƙware, domin yarda ce tsakanin mutum biyu da ba ta samuwa sai an maimaita abu ɗari-ɗari a atisaye.

Shi ya sa alƙaluman shekarar farko ke yaudara ta kowane ɓangare. A 1998 Peyton Manning ya jefa ƙwallo 28 a hannun abokan hamayya, Indianapolis ta ci wasa 3 ta sha kashi 13. Shekara na zagayowa ta ci 13 ta sha kashi 3. Troy Aikman ya fara wasa 11 a 1989 bai ci ko ɗaya ba, daga baya ya ɗauki kofin Super Bowl, wato kofin zakarun NFL, sau uku da Dallas. A ɗaya ɓangaren, cikin 'yan 2021, Mac Jones ne ya fi haskawa a kakar farko: New England ta ci wasa 10, ta shiga zagayen fitar da gwani. Sai mai tsara masa hari, Josh McDaniels, ya koma Las Vegas, aka ɗora aikin a kan Matt Patricia wanda sana'arsa tsaro ce, wasan Jones ya fara komawa baya. Lawrence kuwa ya jefa na ci 12, wato jifan da ya kai ga cin maki, abokan hamayya suka cafe masa 17 a kakar farko ƙarƙashin koci Urban Meyer, wanda aka kora bayan wasa 13 kacal. Da Doug Pederson ya zo a 2022, na ci suka koma 25, waɗanda aka cafe suka sauko 8.

Wannan batu na wanda ke kewaye da yaro shi ne magoya baya suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ya fi nauyi. A tsarin zaɓen, ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara ɗauka. Ke nan wanda ya fi kowa baiwa yakan faɗa inda katanga, wato ƙattin nan biyar masu kare shi, ta fi rauni. David Carr, na ɗaya a 2002, an kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 76 a kakarsa ta farko a Houston, adadin da har yau ba a kai ba a kaka guda. Caleb Williams ya sha 68 a Chicago a 2024. Illar ba a ciwon jiki ta tsaya ba. Wanda ya sha duka haka, idonsa yakan daina kallon fili ya koma kan masu rugowa kansa. Yakan fara gudu daga cikin zoben kariya ko da babu mai taɓa shi, kuma da ya fita gefe ya zubar da rabin fili. Ɗabi'ar nan in ta kama mutum, cire ta ya fi koyar da sabon abu wuya. Amma a yi adalci, ba kowace kayarwa ce laifin katanga ba. Ku ƙirga a ranku daga lokacin da aka miƙa ƙwallo. In an kayar da shi kafin sakan biyu da rabi, a tuhumi kariya. In ya wuce uku yana riƙe da ita, yawanci shi ne bai yanke shawara ba.

Sauya koci ma ba ƙaramin koma baya ba ne. Kowane tsarin hari da kalmominsa, da yadda yake ƙirga taku, da jerin da ake bi wajen duba masu cafewa. Kamar ɗalibi ne da ake sauya wa harshen karatu duk shekara. Baker Mayfield ya yi aiki da manyan masu horarwa huɗu a shekara uku na farko a Cleveland. A 2024, a Tampa Bay, ya jefa na ci 41. Jared Goff na Rams ya fara wasa 7 a 2016 ya sha kashi a duka, har aka fara cewa an yi asara. Koci Sean McVay ya zo a 2017, Rams ta ci wasa 11, a kaka ta gaba kuma ta kai wasan Super Bowl.

Sai gardamar da ba ta ƙarewa: a jefa shi fili tun ranar farko, ko a zaunar da shi? Masu son a zaunar sukan kawo Patrick Mahomes, wanda wasa ɗaya tak ya fara a 2017 yana bayan Alex Smith, a 2018 ya jefa na ci 50 aka ba shi gwarzon kaka. Sukan ƙara da Aaron Rodgers da Jordan Love, kowannensu ya yi shekara uku a benci a Green Bay. Gaskiya ne, sai dai Kansas City ba ƙungiyar da ta rushe ba ce, hawowa ta yi daga na 27 zuwa na 10 don ta ɗauke shi, ga koci Andy Reid, ga masu cafewa Travis Kelce da Tyreek Hill suna jira. Kuma zama a benci ba atisaye ba ne sosai. In kaka ta fara, kusan duk maimaicin mako na wanda zai fara wasa ne, na biyu yakan kwaikwayi kwatabak ɗin abokan hamayya ne don masu tsaro su gwada. Abin da ake samu a benci shi ne ɗakin nazarin bidiyo da gyaran tsayuwa. Don haka ra'ayinmu a nan shi ne, in kariya na da dama-dama, a sa shi ya koya a fili. In ba za ta iya ba shi sakan biyu da rabi ba, zaunar da shi ya fi alheri.

Sunan da ake yawan kafa hujja da shi wajen neman haƙuri shi ne Josh Allen na Buffalo. Jifansa da ke isa hannu kashi 52.8 ne cikin ɗari a 2018, 58.8 a 2019, sai 69.2 a 2020. A tsawon shekarun nan mai tsara hari ɗaya ya yi aiki da shi, Brian Daboll, ya gyara tsayuwarsa da juya ƙugunsa a lokacin hutu, kuma a 2020 aka kawo masa mai cafewa Stefon Diggs. Amma kada a mayar da Allen doka. Irin wannan tsalle a saiti ba kasafai ake ganinsa ba, yawancin waɗanda suka shigo ba su da saiti haka suke fita.

Me za ku duba ke nan, in ba yawan nasara ba? Ku kalli yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya don ta ci yadi 10, idan saura yadi 7 ko fiye, domin a nan kowa ya san jifa za a yi, masu tsaro kuma ke fito da dabarunsu na ɓoye. Ku duba ko yana jefawa tsakiyar fili, tsakanin yadi 10 zuwa 20, inda sai wanda ya karanta tsaro daidai ke shiga. Idan aka cafe masa ƙwallo, ku tambayi yadda aka yi. Wadda ta zame daga hannun abokinsa daban, wadda ya ƙura wa mutum ɗaya ido tun farko har mai gadi ya bi idonsa daban. Ku ga ko ya iya jefar da ita waje in babu hanya, maimakon ya yi asarar yadi 8. Mafi muhimmanci, ku ɗauki wasa takwas na farko ku gwada da takwas na ƙarshe. Sabon kuskure ba abin damuwa ba ne, alama ce an ƙara masa kaya. Kuskuren Satumba da ke nan daram a Disamba shi ne abin tsoro. Kuma kada ku firgita in kaka ta biyu ta ɗan yi ƙasa. Yanzu kowane kocin tsaro na da bidiyon wasa 17 a kansa, ya san jifan da yake so, zai toshe shi ya ga ko yana da wani. C.J. Stroud ya jefa na ci 23 aka cafe 5 a 2023, a 2024 suka koma 20 da 12, aka kuma kayar da shi sau 52.

Haƙurin dai yana da iyaka, kuma kuɗi ne suka shata ta. Tun yarjejeniyar 2011, sabon ɗan wasa kwantiragin shekara huɗu yake sa wa hannu a kan farashin da aka ƙayyade. Na Caleb Williams bai kai dala miliyan 40 ba a shekara huɗun gaba ɗaya, alhali Dak Prescott na Dallas dala miliyan 60 yake karɓa a shekara guda. Tunda akwai iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a albashi, wadda ta kai dala miliyan 255.4 a 2024, rarar da ake samu daga matashin kwatabak da ita ake sayo masa katanga da masu cafewa. Kowace shekarar da ta wuce bai nuna ba, wannan damar ce ke zagwanyewa. Ga waɗanda aka ɗauka a zagayen farko, ƙungiya na da ikon ƙara shekara ta biyar, amma dole ta yanke shawara bayan kaka ta uku, a farkon watan Mayu, kuma da ta amince kuɗin ya zama wajibi a kanta ko ya ji rauni. Ke nan shugabannin ƙungiya kimanin wasa 50 suke da shi kafin ranar nan, in har ya fara tun daga farko bai kuma yi jinya ba. Trey Lance wasa huɗu kawai ya fara wa San Francisco kafin a tura shi Dallas a watan Agustan 2023.